Rundunar da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya san Sudan ya san Gadarif ce rumbunta. Daga garin har iyakar Habasha baƙar laka ce shimfiɗe iya ganin ido, wadda da rani take tsattsagewa har ƙafar yaro ta shige, da damina kuma ta kumbura ta riƙe tayar mota. Tun shekarun 1940 ake noman dawa da tarakta a wannan yanki, riɗin Gadarif kuwa har ƙasashen waje ake neman sa. Hausawa sun daɗe da zama 'yan ƙasa a nan. Jikokin mahajjata ne da suka taso a ƙafa daga Kano da Sakkwato da Damagaram, wasu guzuri ya ƙare musu a hanya, wasu sun sauke farali sun juyo sun ga ƙasar noma sun kafa bukka. Yau ga su da unguwanni a cikin gari da ƙauyuka a bakin Kogin Atbara da Kogin Rahad.

Sai dai ƙasar da ke ciyar da miliyoyin mutane ruwan sha yana yi mata wuya. Ana turo wa garin ruwa ta bututu daga Shuwak, can bakin Atbara, amma ba ya isa. Sauran jama'a sai tafkunan da aka haƙa don tara ruwan sama, waɗanda ake kira hafir, da masu kai ruwa gida-gida a ganga bisa amalanken jaki. A kan wannan ƙaranci aka samu baƙi: 'yan gudun hijirar Tigray da suka cika sansanin Um Rakuba tun Nuwamba 2020, sannan waɗanda yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya koro daga Khartum, har makarantu suka zama masauki. Ranar 26 ga Satumba 2023 Ma'aikatar Lafiya ta Sudan ta bayyana ɓarkewar kwalara a Jihar Gadarif. A lokacin an ƙirga mutum 264 da ake zaton sun kamu, 16 sun riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu da rahama. Cikin Agusta 2024 cutar ta sake dawowa ta wajen Kasala.

To, wane ne wannan da ke kayar da ƙato majiyi ƙarfi, wanda ya wuni yana yankan riɗi, kafin wata safiyar a ce babu shi? Wata halitta ce da sai an jera guda 500 kai da jela kafin su cika milimita ɗaya. Masana suna kiran ta Vibrio cholerae. A ƙarƙashin madubin likita tana da ɗan lanƙwasa irin ta waƙafi, da jela guda ɗaya da take juyawa tana iyo da ita cikin sauri. Ba ta da ido, ba ta da ƙwaƙwalwa, duk jikinta tantani ɗaya ne tal, amma tana gane inda abinci yake, tana gane ta bar tafki ta shiga cikin mutum, ta sauya halinta daidai da sabon masauki. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya shirya mata wannan hanya! Wani likita ɗan Italiya, Filippo Pacini, ya gan ta a hanjin gawa a birnin Fulorens a 1854, ba wanda ya saurare shi. A shekarar nan dai John Snow ya bi diddigin mace-mace a Landan har ya gano famfon unguwa guda ne tushensu. Sai da Robert Koch ya bi cutar zuwa Masar a 1883, ya wuce Kalkata ta Indiya, sannan duniya ta yarda cewa halitta ce mai rai, ana shan ta ne a ruwa.

Kafin ta yi ɓarna sai ta ƙetare shingen farko, wato ruwan tsamin da tumbi ke fitarwa. Wannan tsami yana hallaka mafi yawansu, shi ya sa sai mutum ya haɗiyi miliyoyi kafin cutar ta kama shi, shi ya sa kuma wanda yunwa ta raunana, ko mai yawan shan maganin kashe tsamin ciki, ya fi saurin faɗuwa. Waɗanda suka tsira sukan gangara ƙaramin hanji, su kutsa cikin majinar da ta lulluɓe bangonsa, su manne, su fara hayayyafa.

A nan ya kamata a tsaya a dubi aikin hanji, don wanda bai san shi ba ba zai gane girman abin da ke biyo baya ba. Kowace rana ruwa kusan lita 9 yake ratsa hanjin baligi. Abin da ya sha da abin da ya ci bai wuce lita 2 ba, sauran duk jiki ne ya zubo: yawu, ruwan tumbi, ruwan matsarmama da na sauran gaɓoɓi. Hanji yana maido da kusan dukkan wannan ruwa cikin jini, abin da ke fita da bayan gida bai fi ƙaramin kofin shayi ba. An naɗe bangonsa ninki bisa ninki, an yi masa ƙananan tsiro bila adadin, ta yadda in da za a shimfiɗa shi zai kai kusan murabba'in mita 30, kuma tantanin da ke fuskarsa ana sabunta shi kaf duk bayan kwana uku zuwa biyar. Mutum yana barci, yana sallah, yana ciniki a kasuwa, wannan aiki yana gudana a cikinsa ba da saninsa ba, bai taɓa biyan ko sisi ba.

Kwalara ba ta cin naman hanji, ba ta shiga jini, sau da yawa ko zazzaɓi ba ta kawowa. Dafi take fitarwa, wanda likitan Kalkata Sambhu Nath De ya tabbatar da shi a 1959. Dafin yana da hannaye biyar da yake kama tantanin hanji da su, sai sashe na shida ya shige ciki ya buɗe wata ƙofa da gishiri ke fita ta cikinta, ya hana ta rufuwa. Ruwa kuwa duk inda gishiri ya nufa can yake bi. Sai hanjin da aikinsa tsotso ya koma kwarara, har lita ɗaya cikin awa ɗaya idan abin ya yi tsanani. A cibiyar jinyar kwalara gadon ma daban ne: shimfiɗar leda mai rami a tsakiya, bokiti a ƙarƙashi, wani bokitin a gefen kai saboda amai. Abin da ke zuba fari ne tsararo kamar ruwan wankin shinkafa. Idanu su faɗa, murya ta dishe, fatar yatsu ta yamutse, jijiyoyin ƙafa su ɗaure, in ma'aikacin jinya ya mintsini fatar ciki ya saki sai ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ƙishirwa ce ke kashe mai kwalara, ko da randa cike take a gefensa. Idan ba a yi magani ba, rabin waɗanda ta tsananta musu suna iya tafiya. Idan an yi da wuri, ko ɗaya cikin ɗari ba ya kaiwa. Da yawa kuma suna ɗauke da ita lafiyarsu ƙalau, suna zubar da ita kwanaki ba su sani ba.

Wani abin da ya fi wannan ban mamaki ya bayyana a 1996. Masana biyu a Amurka, Matthew Waldor da John Mekalanos, sun gano cewa umarnin haɗa wannan dafi ba na ƙwayar kwalara ba ne tun asali. Wani bairos ne siriri, wanda ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, yake shiga cikinta ya saƙa kansa a cikin ƙwayoyin gadonta. Danginta da bairos ɗin bai shiga ba suna nan birjik a bakin teku da koguna, manne a jikin ƙananan ƙwarin ruwa, ba sa haddasa annoba. Ke nan mai cutar da mu ita ma wani ne ya kama ta. A Bangaladash kuma an lura da wasu bairos na daban masu farautar ƙwayar kwalara suna fasa ta, yawansu yana ƙaruwa daidai lokacin da annoba ke ja da baya. Halitta cikin halitta, kowace da mai iko a kanta, Allahu Akbar!

Wannan cuta tana da tsohuwar alaƙa da hanyar da ta kawo Hausawa gabas. A 1865 ta yi wa mahajjata mummunar ɓarna a Makka, daga nan aka ƙarfafa tashoshin killace matafiya a gaɓar Bahar Maliya. A ɗaya daga cikinsu, El Tor ta yankin Sina'i, wani likita Bajamushe mai suna Felix Gotschlich ya ware wani nau'in ƙwayar daga gawar wasu mahajjata a 1905. Jinsin wannan nau'i ne ya taso daga tsibirin Sulawesi na Indunusiya a 1961, ya iso Afirka ta Yamma a 1970, ya shiga Najeriya da Nijar, kuma har yau shi ke yawo a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum miliyan 1.3 zuwa miliyan 4 ke kamuwa kowace shekara.

Yanzu ga wurin da zuciyata ta fi tsayawa. A jikin tantanin hanjin nan da dafi ya buɗe wa ƙofar fita, akwai wata ƙofa ta shiga, kuma dafin ba ya taɓa ta. Sharaɗinta ɗaya: ba ta buɗe wa gishiri shi kaɗai, ba ta buɗe wa sukari shi kaɗai, sai sun zo tare. In sun zo tare sai ta shigar da su, ruwa ya bi bayansu ya koma jini, alhali gudawar ba ta ma tsaya ba. Robert Crane ne ya bayyana wannan tsari a 1960. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta faɗa sansanin 'yan gudun hijira a Bangaon, ruwan ƙari na jijiya ya ƙare, sai likita Dilip Mahalanabis ya sa aka dama gishiri da sukari a ganguna, dangi suna ba majinyatansu da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Wannan ƙofa tana cikin kowane jariri da aka haifa tun zamanin kakanninmu na farko. An ajiye ta tana jira, ilimin ɗan Adam ne ya yi jinkirin isowa gare ta.

Awon yana da sauƙi, amma ba a wasa da shi: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Inda ake samun ƙunshin asibiti shi ya fi, a zuba ƙunshi ɗaya a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. Gishiri ya yi yawa yana cutarwa, sukari ya yi yawa yana ƙara gudawa. Ga yara ana haɗawa da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14. Wanda ya galabaita har ba ya iya haɗiya, sai a garzaya da shi a yi masa ƙarin ruwa. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke fassara alamun. Uwa ta ga maɗigar jariri ta faɗa, sai kaka ta ce a nemo mai ɗaga maɗiga, ko ta ce haƙori ne yake fitowa, a hana shi ruwa kada cikin ya ƙara ɓallewa. Maɗiga tana faɗawa ne saboda ruwan jiki ya ƙare. Abin da ma'aikaciyar jinya ke nanata wa kaka shi ne gaskiya: "Iya, a bar shi ya ci gaba da shan nono. Wannan ruwan kuma cokali-cokali za a riƙa ba shi. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba."

Kwalara dai ɗaya ce cikin runduna, kuma kowane soja da sana'arsa. Shigella, wadda Kiyoshi Shiga ya gano a Japan a 1897, tsamin tumbi ba ya razana ta, guda goma zuwa ɗari sun isa su kwantar da mutum, abin da ƙafar ƙuda ɗaya za ta iya ɗaukowa. Ita kutsawa take yi cikin tantanin babban hanji, ta yi amfani da kayan jikin tantanin ta tura kanta cikin na kusa da shi, sai a ga atuni da jini da majina da murɗar ciki. Akwai amiba mai narkar da nama, wadda takan bi jini ta je hanta ta tara ruwa. Akwai Giardia mai manne wa bangon hanji da wani faifai a cikinta, tana kumbura ciki da gyatsa mai wari. Ita ce Antonie van Leeuwenhoek ya gani tana motsi a ƙaramin madubinsa tun 1681. A wajen jarirai kuwa babban ɓarawo bairos ɗin rota ne, wanda Ruth Bishop da abokan aikinta suka gano a Melbon ta Ostareliya a 1973. A nan Sudan ta cancanci yabo, domin tun Yuli 2011 ta sa ɗigon rigakafinsa cikin na yara, shekara 11 kafin Najeriya. Duk da haka gudawa tana cinye yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 400,000 a duniya kowace shekara.

Gubar abinci kuma da nata lissafin. Ƙwayar bakteriya da ta samu ɗumi da danshi tana iya rabuwa biyu duk minti 20. A lissafa: guda ɗaya da ƙarfe 12 na rana, kafin ƙarfe 7 na yamma ta haura miliyan 2, abincin kuma bai sauya launi ko ƙamshi ba. Zafin Gadarif na watan Afrilu shi ne daidai abin da take so. Wata mai suna Staphylococcus tana zaune lafiya a hancin mutane da yawa da kan fatarsu. In ta sauka daga hannu mai ƙurji ta shiga madara ko dafaffen nama, sai ta zuba dafin da tafasa ba ta karya shi, a ɗumama abincin a ci, cikin 'yan awoyi amai ya turnuƙe gida duka. Wata kuma, Bacillus cereus, in ta ji wuta sai ta dunƙule ta shiga ɓawo ta yi kamar ta mutu, shinkafa ta huce ta kwana sai ta farka. Agashen da Hausawa suka koya wa Sudan, in daga wuta ya zo hannu, ba abin tsoro. Hatsarin yana ga wanda ya wuni a faranti, da wuƙar da ta yanka ɗanye ta dawo ta yanka gasasshe, da tumatir da albasar da aka wanke da ruwan da ba a san asalinsa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka duk ƙananan halittu abokan gaba ne. Mafi yawansu ma'aikatanmu ne. A hanjin baligi akwai bakteriya kimanin tiriliyan 38, suna narkar da abin da ya gagare mu, suna haɗa wasu sinadaran gina jiki, suna cike gurbi don baƙo mai sharri ya rasa wurin zama. A nonon uwa akwai wasu nau'o'in sukari da jariri ba ya iya narkarwa sam. Abincin bakteriya masu amfani ne da ke cikinsa, an aiko musu rabonsu ta bakin yaron. Subhanallah!

A dubi kuma macen Gadarif mai yin kisra. Da yamma ta kwaɓa garin dawa da ruwa a tukunyar da ta bar ragowar ƙullun jiya a gindinta, ta rufe. Kafin safiya ƙullu ya taso yana ƙananan kumfa, ƙamshin tsami ya cika madafa. Ta shafa mai a faifan ƙarfe mai zafi, ta zuba ludayi guda, ta ja shi da ɗan ɓallin kaba har ya zama siriri, kafin minti ɗaya ta ɗage shi ta ɗora a kan 'yan'uwansa. Abin da ya faru cikin dare shi ne, bakteriya masu kawo tsami da ke cikin ragowar jiya sun ci sukarin dawa sun mai da ƙullun mai tsamin da ƙwayar kwalara da danginta ba sa iya rayuwa a ciki. Farfesa Hamid Dirar na Jami'ar Khartum ya rubuta littafi sukutum a 1993 a kan irin waɗannan abincin Sudan da ake tsamarwa. Mu ma abin da ke tsare mana kindirmo da gasarar koko ke nan. Iyayenmu mata sun yi ƙarnoni suna kiwon waɗannan halittu a ƙwarya ba tare da sun taɓa ganinsu ba. Amma tsaron yana da iyaka: a tsinka nono ko fura da ruwan da bai da tsabta, an rage tsamin kuma an shigo da abokin gaba da hannu.

Komai ya zagaya sai ya dawo kan ruwa. Matan ƙauyukan bakin Nilu sun daɗe suna daka ƙwayar zogale su zuba a ruwa mai laka, bayan kamar awa ɗaya laka ta kwanta ruwa ya washe. Wata masaniya Bajamusa, Samia Al Azharia Jahn, ta yi shekaru tana nazarin wannan hikima tasu a Sudan, aka tabbatar cewa akwai sinadari a ƙwayar da ke kama laka da yawancin bakteriya ya nutsar da su. A Bangaladash, Rita Colwell da abokan aikinta sun nuna a 2003 cewa tace ruwa da tsohon zane mai ninki huɗu ya rage kwalara da kusan rabi, domin zanen yana tare ƙwarin ruwan da ƙwayar ke maƙale musu. Duka biyun ragewa suke yi, ba sa gamawa. Bayan ruwa ya washe sai a tafasa shi, ko a sa kulorin a jira minti 30, kuma kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka, don haka zogale ne ke share masa hanya. Randar da kowa ke tsoma moɗa da hannu a ciki tana iya ɓata duk wannan wahala. Moɗa mai dogon mariƙi da murfi su ne gyaranta.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa uwar da ke kwana a ajin makaranta da 'ya'ya biyar nauyin abin da hukuma ce kaɗai ke iya yi. Baƙar lakar Gadarif in ta sha ta ƙoshi ba ta ƙara shanye ruwa, sai ya kwanta a sarari, ya cika masai ya tumbatsa, ya gangara hafir inda jaki ke jiran a cika ganga. Ɗigon rigakafin kwalara da aka raba a jihar daga Nuwamba 2023 ya taimaka, amma a Oktoba 2022 ƙarancinsa a duniya ya sa aka koma ba da sha ɗaya maimakon biyu, kariyarsa kuma ba ta daɗewa. Landan ta rabu da kwalara tun kafin a san maganinta, da ta gina magudanan ƙazanta ta raba su da ruwan sha. Madatsar Atbara da Setit tana nan kusa cike da ruwa, abin da ya rage shi ne zaman lafiya da bututun da zai kai shi unguwanni da ƙauyuka a tace.